'Yan sandan Birtaniya da masu taɓin hankali: Ina iyakar rigar sulke da bindigar lantarki?

Tun daga ranar 1 ga watan Nuwamban 2023 rundunar 'yan sandan birnin Landan, wadda ita ce mafi girma a Birtaniya, ta daina tura jami'anta zuwa mafi yawan kiraye-kirayen gaggawa da suka shafi masu taɓin hankali, sai fa idan rayuwar wani na cikin haɗari ko kuma ana cikin aikata laifi. In ba haka ba, mai amsa waya a lambar 999 zai mayar da mai kiran ne ga ma'aikatan lafiya.

Sir Mark Rowley, wanda ya karɓi shugabancin rundunar a shekarar 2022, shi ne ya aike wa hukumomin lafiya na birnin da wasiƙa a watan Mayun 2023 yana sanar da su wannan mataki. Hujjarsa ita ce ana cutar da jama'a ta fuska biyu: ana aika ɗan sanda wurin mara lafiyar da ke bukatar likita, sa'an nan kuma lokacin da ya kamata a yi amfani da shi wajen farautar masu laifi yana ƙarewa a zaman jira a asibiti.

Shekaru goma kacal kafin wannan wasiƙa, wani kwamiti mai zaman kansa da ita wannan runduna ta nemi a kafa, ƙarƙashin jagorancin Lord Victor Adebowale, ɗan majalisar dattawan Birtaniya wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, ya ba da shawarar da ta yi hannun riga da haka. Bayan nazarin batutuwa 55 na mutanen da suka mutu ko suka ji mummunan rauni, kwamitin ya ce kula da masu taɓin hankali na daga cikin ginshiƙan aikin ɗan sanda, saboda haka wajibi ne a horar da shi a kai. Tsakanin waɗannan ra'ayoyi guda biyu ne muhawarar take kai-komo, kuma ba za a fahimce ta sosai ba sai an duba irin kayan da ɗan sandan Birtaniya ke ɗauke da su a jikinsa, da abin da kan biyo baya idan aka yi amfani da su a kan mutumin da hankalinsa ya gushe.

Daga kulki da usur

Lokacin da Robert Peel ya kafa rundunar 'yan sandan Landan a shekarar 1829, abin da aka bai wa jami'an farko bai wuce kulki na katako da wata ƙaraurawa ta neman agaji ba, wadda daga baya aka maye gurbinta da usur. An yi hakan ne da gangan domin kada jama'a su ɗauke su a matsayin soja. Har yau kuwa mafi yawan 'yan sandan Ingila da Wales da Scotland ba sa ɗaukar bindiga. A Ingila da Wales, waɗanda aka ba izinin riƙe ta ba su kai kashi 5 cikin ɗari na jami'ai sama da dubu 140 ba. A Ireland ta Arewa ne kaɗai kowane ɗan sanda ke yawo da bindiga, saboda tarihin rikicin yankin.

To amma rashin bindiga ba ya nufin rashin kaya. Ɗan sandan sintiri na yau yana sanye da rigar kariya daga sukar wuƙa, a ƙugunsa akwai ankwa da kulki na ƙarfe mai miƙewa da gwangwanin barkonon fesawa, a ƙirjinsa akwai rediyon sadarwa da kyamara, wasu kuma suna da bindigar lantarki da ake kira Taser. Kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan kaya akwai wani mummunan abu da ya faru kafin a raba shi ga jami'ai.

Misali mafi tayar da hankali game da rigar kariya shi ne na Nina Mackay, wata 'yar sanda mai shekaru 25. A watan Oktoban 1997 tana cikin tawagar da aka tura unguwar Stratford da ke gabashin Landan domin kama wani mutum mai fama da cutar sikizofiriniya, wato nau'in taɓin hankalin da kan sa mutum jin muryoyin da babu su da kuma zargin ana shirya masa makirci. Ita aka ɗora wa alhakin fasa ƙofa, kuma da yake rigar kariyar wancan zamani tana da nauyi, tana hana sakewa, sai ta tuɓe ta domin ta iya sarrafa ƙarfen fasa ƙofar. Ƙofa na buɗewa mutumin ya daɓa mata wuƙa, ta kuma rasu a asibiti. Kotu ta same shi da laifin kisa ba tare da cikakken hankali ba, aka tsare shi a asibiti. Rasuwarta ta ƙara matsin lamba ga hukumomi su samar da riga marar nauyi wadda jami'i zai iya yini da ita a jiki ba tare da ya so cire ta ba.

Mutane da yawa kan ɗauka cewa rigar da ta tare harsashi ai wuƙa ba komai ba ce a gare ta. Ba haka abin yake ba. Zaren Kevlar, wanda wata masaniyar haɗa sinadarai mai suna Stephanie Kwolek ta ƙirƙiro a kamfanin DuPont na Amurka a shekarar 1965, yana tare harsashi ne kamar yadda raga ke tare ƙwallo, ya watsa ƙarfinsa a faɗin rigar. Wuƙa kuwa yanka zaren take yi, abu mai tsini irin su basilla kuma ratsawa yake yi ta tsakanin saƙar. Mayaƙan dawakin ƙasar Hausa sun san wannan bambanci tun da daɗewa: sulke na zobban ƙarfe maganin saran takobi ne, lifidi mai kauri kuma shi ake sa wa mahayi da dokinsa saboda kibiya. Don haka ne ma wasu rigunan 'yan sandan Birtaniya ke haɗe da saƙar ƙananan zobban ƙarfe a cikinsu, kusan irin ta sulken da.

Ma'aikatar harkokin cikin gida ce ke gindaya ƙa'idar gwajin waɗannan riguna. A mataki mafi ƙanƙanta ana sako wuƙa a kan rigar da ƙarfin jul 24, kwatankwacin nauyin kilo biyu da rabi da aka saki daga tsayin mita ɗaya, kuma ba a yarda tsininta ya wuce 'yan milimita kaɗan ba. Duk da haka wuya da hammata da cinyoyi a buɗe suke. Mata 'yan sanda kuma sun shafe shekaru suna kukan cewa an ɗinka rigunan ne bisa ƙirar jikin maza.

Barkonon tsohuwa da bindigar lantarki

A watan Maris na 1996 aka fara gwajin bai wa 'yan sandan sintiri gwangwanin sinadarin CS, dangin abin da aka fi sani da barkonon tsohuwa. Ba a yi wata guda ba aka samu rasuwar Ibrahima Sey, wani ɗan ƙasar Gambiya mai neman mafaka, wanda ke fama da taɓin hankali. An kai shi ofishin 'yan sanda na Ilford, aka fesa masa sinadarin alhali hannayensa na cikin ankwa, aka kuma danne shi rub da ciki na tsawon lokaci. A shekarar 1997 kotun binciken musabbabin mutuwa ta yanke cewa kashe shi aka yi ba bisa doka ba, amma ba a gurfanar da ko jami'i ɗaya ba. Daga baya mafi yawan rundunoni sun koma amfani da wani sinadari mai suna PAVA, wanda aka kwaikwayo daga abin da ke sa barkono yaji.

A nan ne gizo ke saƙar. Kulki da barkono da murɗe hannu duk an gina su ne bisa zaton cewa mutum zai ji zafi, ya auna, ya ga cewa miƙa wuya ya fi masa. Tsawa da umarni ma haka suke. Amma mutumin da ke cikin ruɗani mai tsanani, wanda ya yi imanin cewa waɗannan masu baƙaƙen kaya sun zo halaka shi ne, ba ya auna komai. Zafin yana tabbatar masa da abin da yake tsoro ne, sai ya ƙara fizge-fizge. Shi kuma ɗan sanda an koya masa cewa ƙin bin umarni alama ce ta turjiya, sai ya ƙara ƙarfi. Kowane ɓangare yana yin abin da ya ga shi ne zai tsirar da ransa, abin kuma yana ta hauhawa.

Wannan giɓi ne ake fata bindigar Taser za ta cike. An fara gwada ta a rundunoni biyar a shekarar 2003, a hannun jami'ai masu izinin riƙe bindiga kawai, daga shekarar 2008 kuma aka faɗaɗa ta ga wasu jami'an da suka samu horo na musamman. Tana harba ƙananan allurai biyu ne masu haɗe da siririyar waya, idan duka biyun suka kama jiki sai wutar lantarki ta bi ta tsakaninsu ta sandarar da tsokoki na tsawon daƙiƙa biyar. Ba ta dogara ga jin zafi ba, kuma tana ba jami'i damar tsayawa nesa da mai riƙe da wuƙa. Alƙaluman ma'aikatar cikin gida na nuna cewa a kusan tara daga cikin kowane lokuta goma da aka zaro ta ba a harbawa. Ganin jan ɗigon haskenta a ƙirji kan isa mutum ya saduda. Masu goyon bayanta na cewa akwai mutane da yawa da ke raye a yau waɗanda a wata ƙasar da tuni an bindige su, kuma wannan hujja ce mai ƙarfi.

Sai dai ita ma tana da nata cikas. Tufafi mai kauri kan hana allurar kamawa, idan ɗaya ta kuskure babu abin da zai faru, kuma jami'in da ya firgita zai iya ci gaba da danna kunamar fiye da ƙima.

Abin da ya faru ke nan da Dalian Atkinson, tsohon ɗan wasan gaba na ƙungiyoyin Aston Villa da Real Sociedad da Fenerbahce. A daren 15 ga watan Agustan 2016 maƙwabta suka kira 'yan sanda zuwa ƙofar gidan mahaifinsa a garin Telford, inda yake cikin ruɗani yana ta sambatu. Yana da shekaru 48, yana kuma fama da ciwon ƙoda da na zuciya. Harbi biyu na farko ba su yi tasiri ba. A na uku jami'in ya riƙe kunamar har daƙiƙa 33, sama da ninki shida na ƙa'ida, sa'an nan ya shure shi a ka aƙalla sau biyu bayan ya faɗi. A shekarar 2021 aka samu jami'in, Benjamin Monk, da laifin kisa ba da niyya ba, aka ɗaure shi shekaru takwas. Rabon da a samu wani ɗan sanda a Ingila da irin wannan laifi kan mutuwar wani a bakin aiki an fi shekaru talatin.

A wannan shekara ta 2021 hukumar IOPC mai binciken ƙorafe-ƙorafe kan 'yan sanda ta fitar da nazarin batutuwa 101 da aka yi amfani da Taser a cikinsu tsakanin 2015 da 2020. Ta gano cewa taɓin hankali na cikin da yawa daga cikinsu, kuma baƙaƙen fata sun fi fuskantar a daɗe ana sakar masu wutar.

Danne mutum rub da ciki

Abin lura shi ne, a yawancin mace-macen da suka fi girgiza Birtaniya babu wani makami da aka yi amfani da shi. Hannu ne da gwiwa da nauyin jiki.

Sean Rigg mawaƙi ne mai shekaru 40 da ya daɗe yana fama da sikizofiriniya. A ranar 21 ga watan Agustan 2008 ma'aikatan gidan da yake zaune a kudancin Landan suka yi ta kiran 999 na tsawon sa'o'i suna neman agaji, ba a zo ba. Sai da ya fita titi, wani ya sake kira, sa'an nan jami'ai suka kama shi, suka danne shi rub da ciki na kimanin minti takwas, suka kai shi ofishinsu na Brixton maimakon asibiti. A can ya cika. A shekarar 2012 masu taimaka wa alƙali a kotun binciken mutuwarsa suka ce ƙarfin da aka yi amfani da shi bai dace ba.

Shekaru biyu bayan rasuwar Rigg, a ƙarshen watan Agustan 2010, Olaseni Lewis, wani matashi mai shekaru 23 da ya kammala jami'a, ya amince da kansa a kwantar da shi a asibitin masu taɓin hankali na Bethlem. Da ya rikice ya nemi fita, ma'aikatan asibitin suka kira 'yan sanda. Jami'ai 11 ne suka danne shi a karo biyu, na farko kimanin minti goma, na biyu kimanin minti ashirin, da ankwa da maɗaurin ƙafa, a gaban likita da ma'aikatan jinya. Bai sake farfaɗowa ba.

Likitoci sun bayyana yadda irin wannan mutuwa ke aukuwa. Mutumin da ya yi gudu ko kokawa jikinsa na bukatar iska fiye da kullum. Idan aka kwantar da shi a kan cikinsa, aka mayar da hannayensa baya, aka ɗora nauyi a gadon bayansa, ƙirjinsa ba zai iya buɗewa yadda ya kamata ba. Fafutukar neman numfashi da yake yi sai masu riƙe da shi su ɗauke ta a matsayin gardama. Idan kuma ya yi laƙwas, sau da yawa akan zaci ya haƙura ne ko yana yaudara, alhali zuciya ce ke tsayawa.

Iyalan waɗannan mutane, musamman Marcia Rigg, 'yar'uwar Sean, da Ajibola Lewis, mahaifiyar Olaseni, sun shafe shekaru suna gwagwarmaya tare da ƙungiyar Inquest. Ba a samu wani jami'i da laifi a kotu kan ko ɗaya daga cikin mace-macen biyu ba. Amma a shekarar 2017 Dame Elish Angiolini ta miƙa rahoton da gwamnati ta ɗora mata kan mace-mace a hannun 'yan sanda, mai ɗauke da shawarwari 110, a watan Nuwamban 2018 kuma aka zartar da dokar da ake yi wa laƙabi da Dokar Seni. Ta wajabta wa asibitocin masu taɓin hankali a Ingila su rubuta duk wani amfani da ƙarfi da aka yi a kan majiyyaci, ta kuma bukaci 'yan sandan da aka kira irin waɗannan wurare su kunna kyamarar jikinsu matuƙar hakan zai yiwu.

Ita kyamarar, wadda rundunar Landan ta fara raba guda dubu 22 a shekarar 2016, wataƙila ita ce kayan aikin da ke kare ɓangarorin biyu a lokaci guda, ko da yake shaida take bayarwa bayan abu ya riga ya faru. Akasinta ita ce hular raga da ake rufa wa mai tofa yawu ko cizo. Ƙungiyar 'yan sanda ta dage cewa babu ma'aikacin da ya cancanci a tofa masa jini a fuska, masu kare haƙƙin ɗan Adam kuma na cewa rufe kan mutumin da ke cikin firgici na ƙara masa firgicin, yana kuma hana a ga lokacin da fuskarsa ta fara sauyawa. Kowanne yana da gaskiyarsa.

Yadda aikin asibiti ya koma hannun ɗan sanda

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce me ya sa tun farko ɗan sanda ne ke zuwa. Amsar ta faro ne daga shekarar 1961, lokacin da ministan lafiya Enoch Powell ya bayyana aniyar rufe manyan gidajen mahaukata na zamanin Sarauniya Victoria, a mayar da kula da majiyyata cikin al'umma. Manufar tana da kyau, domin an tafka cin zarafi a waɗancan gidaje. Gadajen masu taɓin hankali a asibitocin hukumar lafiya ta NHS a Ingila sun ragu daga kimanin dubu 67 a shekarar 1987 zuwa kimanin dubu 18 a ƙarshen shekarun 2010. Kuɗin da ya kamata ya bi majiyyatan zuwa unguwanninsu ne bai bi su yadda ake bukata ba. Daga shekarar 2010 kuma tsuke bakin aljihun gwamnati ya shafi ƙananan hukumomi da ma'aikatan jin daɗin jama'a, su kansu 'yan sandan aka rage masu jami'ai kusan dubu 20 cikin shekaru takwas. Ofisoshi na rufewa da ƙarfe biyar na yamma, 999 kuwa ba ta rufewa.

A shekarar 2018 hukumar da ke sa ido kan ayyukan 'yan sanda ta bayyana cewa rundunar Landan na samun kira mai alaƙa da taɓin hankali a kowane minti huɗu, tana kuma tura jami'i a kowane minti 12. Mutane biyar kacal sun kira ta sau 8,655 a shekarar 2017.

Doka ma ta ɗora masu nauyi. Sashe na 136 na dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1983 ya ba ɗan sanda ikon ɗauke mutumin da ya ga alamar yana bukatar kulawar gaggawa, daga duk inda yake in ban da cikin gidan zama, ya kai shi wuri mai aminci domin likita ya duba shi. Ba kama mai laifi ba ne, amma a aikace sau da yawa da ankwa da motar 'yan sanda ake yi. A shekarar 2011 zuwa 2012 sama da mutum dubu tara ne aka kai ɗakunan tsare masu laifi a ƙarƙashin wannan sashe saboda babu gado a asibiti. Gyaran da aka yi wa dokar a 2017 ya haramta yin haka ga 'yan ƙasa da shekaru 18, ya kuma rage wa'adin tsarewar daga sa'o'i 72 zuwa 24. Adadin waɗanda ake kaiwa sel ya faɗi ƙwarai, sai dai tsugune ba ta ƙare ba: a shekarun baya-bayan nan ana amfani da sashen sama da sau dubu 30 a shekara a Ingila da Wales, kuma jami'ai biyu kan zauna gadin mutum guda a sashen gaggawa na asibiti har dare ya raba. Alƙaluman NHS sun kuma nuna cewa ana tsare baƙaƙen fata ƙarƙashin wannan doka fiye da ninki uku na yadda ake tsare farare.

Wannan tsari na haɗa mara lafiya da mai laifi a rumfa ɗaya ba baƙo ba ne ga Nijeriya, domin daga Birtaniya ta gaje shi. Dokar mahaukata da Turawan mulkin mallaka suka kafa a 1916, aka sabunta ta a 1958, ita ce ta ci gaba da aiki har zuwa watan Janairun 2023, lokacin da shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. A ƙarƙashin tsohuwar dokar an sha ajiye mutanen da ba su aikata laifin komai ba a gidajen yari, don kawai babu inda za a kai su.

Daga Hull zuwa Landan

Matakin da rundunar Landan ta ɗauka ba ita ta ƙirƙiro shi ba. Rundunar Humberside, mai kula da birnin Hull da kewayensa, ita ce ta fara shi a shekarar 2020 da sunan Right Care, Right Person, wato kulawar da ta dace daga hannun wanda ya dace. Ta yi shi ne daki-daki, bayan doguwar tattaunawa da asibitoci da masu motocin ɗaukar marasa lafiya, ta kuma ce yana ceto mata sama da sa'o'i 1,400 na aikin jami'ai a kowane wata. A watan Yulin 2023 gwamnati da shugabannin 'yan sanda da NHS suka rattaba hannu kan yarjejeniyar yaɗa shi a faɗin Ingila, bisa hasashen ceto sa'o'i miliyan ɗaya a shekara. An kuma sa burin cewa asibiti zai riƙa karɓar mutum daga hannun 'yan sanda cikin sa'a guda.

A ƙa'ida kusan babu mai jayayya da manufar. Ƙungiyar Mind mai kare masu taɓin hankali da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasar sun yarda cewa ɗan sanda ba likita ba ne. Fargabarsu ita ce gaggawar da aka yi, da kuma rashin ƙarin ma'aikata a ɓangaren da za a tura wa kiran. Janye ɗan sanda ba ya haifar da ma'aikacin jinya. Tun bayan fara shirin, wasu alƙalan binciken musabbabin mutuwa sun rubuta wa hukumomi gargaɗi kan mutanen da suka rasu bayan 'yan sanda da masu motar asibiti kowa ya ce ba hurumin sa ba ne. Nauyi mafi girma ya faɗa kan mai amsa waya, wanda zai yanke hukunci cikin 'yan mintoci, daga muryar wanda bai gani ba, ko haɗarin na gaske ne kuma na nan take.

Akwai wata hanyar da aka gwada kafin wannan. Daga shekarar 2012 wasu rundunoni, irin su Cleveland da Leicestershire, sun riƙa haɗa ma'aikacin jinyar ƙwaƙwalwa da ɗan sanda a mota ɗaya ko a ɗakin amsa waya, inda ma'aikacin zai duba tarihin majiyyaci nan take ya ba da shawara. A Amurka kuma, inda bayanan da jaridar Washington Post ta tattara daga 2015 suka nuna cewa kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda 'yan sanda suka harbe har lahira suna da taɓin hankali, birnin Memphis ya fito da nasa tsarin tun 1988, na bai wa zaɓaɓɓun jami'ai horon sa'o'i 40 kan yadda ake kwantar da hankalin mai ruɗani: a rage murya, a ba shi tazara, mutum ɗaya ya yi magana, a bar lokaci ya yi aikinsa. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ake ratayawa a ƙugu, kuma duk suna cin lokacin da rundunar da ke da ƙarancin ma'aikata ba ta da shi.

A watan Agustan 2024 NHS ta buɗe zaɓin lafiyar ƙwaƙwalwa a lambarta ta 111 a duk faɗin Ingila, dare da rana. A watan Nuwamban wannan shekarar gwamnatin Labour ta gabatar wa majalisa ƙudurin gyaran dokar 1983, wanda ya ƙunshi cire ofishin 'yan sanda baki ɗaya daga jerin wuraren da za a iya ajiye mara lafiya.

Su kansu masu kakin

Ɓangaren da aka fi mantawa da shi shi ne ƙwaƙwalwar shi kansa ɗan sandan. Shi ne ke fara isa wurin haɗarin mota, shi ke sauko da wanda ya rataye kansa, shi ke ƙwanƙwasa ƙofa ya sanar da uwa rasuwar ɗanta, sa'an nan rediyo ta kira shi zuwa wani wurin kafin ya sha ruwa. Ana samun rahoton kai wa jami'ai hari sama da sau dubu 40 a shekara a Ingila da Wales, abin da ya sa a 2022 aka ninka mafi girman hukuncin dukan ma'aikacin agajin gaggawa zuwa ɗaurin shekaru biyu.

Wani bincike da jami'ar Cambridge ta gudanar a shekarar 2018 tare da tallafin ƙungiyar Police Care UK, wanda jami'ai da ma'aikata kusan dubu 17 suka amsa tambayoyinsa, ya gano cewa kimanin ɗaya cikin biyar na waɗanda suka ga abubuwan tashin hankali a bakin aiki suna da alamun ciwon firgicin da kan biyo bayan mummunan abu, kuma mafi yawansu ba su san suna da shi ba. Daga cikin alamun wannan ciwo akwai rashin barci, da saurin fushi, da ganin haɗari a inda babu shi. A shekarar 2019 aka ƙaddamar da hukumar kula da walwalar 'yan sanda ta ƙasa mai suna Oscar Kilo domin tunkarar matsalar.

Sabon tsarin bai raba ɗan sanda da masu taɓin hankali ba, rage yawan haɗuwarsu ya yi. Kiran da ya rage masa shi ne mafi wuya: mutum a kan gada, ko mai riƙe da wuƙa a ɗakin girki da yara a gidan. Kuma ikon da ke cikin sashe na 136 har yanzu a hannun ɗan sanda yake.